Ceto Mai Shaye-shaye Sana'a Ce, Sai an Koya

A duk lokacin da aka gano cewa wani yaro ya faɗa shaye-shaye a gari irin Dingyaɗi, ko Boɗinga, ko Shagari, matakan da iyaye kan ɗauka kusan iri ɗaya ne. Da fari sai faɗa da zagi, wani lokaci har da bulala. In abin bai yi ba, sai a nufi wurin malam a karɓo rubutu da tofi. In ya ci tura, sai a nemi gidan mari a kai shi, ko a roƙi 'yan sanda su tsare shi na kwana biyu don ya ji a jikinsa. Sai ranar da yaron ya fara sambatu ko farfaɗiya ta buge shi, sannan a ɗauki shatar mota, a ratsa birnin Sakkwato, a wuce da shi Asibitin Masu Taɓin Hankali na Tarayya da ke Kware. Kafin a kai ga wannan mataki kuwa shekaru sun shuɗe, karatu ya lalace, dukiya ta salwanta, zumunci ya yi rauni.

Iyayen nan ba su da laifi, domin abin da suka sani ke nan. Abin da aka rasa a tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti shi ne mutum ɗan gari wanda ya koyi aikin zama da mai shaye-shaye, ya san abin da ƙwaya ke yi wa jiki, ya san yadda ake jan mutum da magana har ya yarda ya daina, ya kuma san lokacin da al'amari ya fi ƙarfinsa sai likita. Wannan mutum shi ne mashawarcin masu shaye-shaye. Ra'ayin wannan maƙala shi ne aikinsa sana'a ce ta ilmi kamar aikin unguwarzoma ko na malamin asibiti, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, kuma lokaci ya yi da ɗaliban sakandare na wannan yanki za su sa ta cikin jerin sana'o'in da suke buri.

Girman Matsalar

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuffuka, da cibiyar bincike ta CRISA, suka gudanar da bincike a faɗin Nijeriya, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun yi amfani da wani abin sa maye a shekarar da ta gabata, ban da taba sigari da barasa. Wannan adadi ya ninka matsakaicin na duniya fiye da sau biyu. Masu shan tabar wiwi sun kai miliyan 10.6, masu haɗiyar magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye kuma miliyan 2.4. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Sakkwato take, an sami kashi 12 cikin ɗari, wato kimanin mutum miliyan 3.

Akwai abubuwa biyu a cikin binciken da suka fi shafar wannan batu. Na farko, kusan mutum miliyan 3 a ƙasar abin ya riga ya zame musu ciwo, ba sa iya dainawa da kansu. Na biyu, daga cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kimanin kashi 40 cikin ɗari sun ce sun so a yi musu magani amma ba su samu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya kuwa, bisa ƙiyasin ƙungiyarsu a 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ko da kowane ɗayansu ya bar barci, ba za su iya zama da mutum miliyan 3 ɗaya bayan ɗaya ba. Dole sai an sami wasu hannuwa.

Abin da Ƙwaya ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Dalilin da ya sa aikin yake bukatar karatu yana cikin ƙwaƙwalwa. A 1954 wasu masana biyu a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, James Olds da Peter Milner, suka dasa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli, ta yadda in ɓeran ya taka maɓallin sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wurin. Sai ɓeran ya duƙufa yana takawa, ɗaruruwa har dubbai a awa guda. Ta haka aka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da hanya ta musamman mai saka wa halitta da jin daɗi. Allah Ya halicci wannan hanya ne domin ta ja mutum zuwa ga abinci da ruwa da zama da 'yan'uwa, kuma babban sinadarin da ke isar da saƙo a cikinta shi ake kira dofamin. Duk wani abu mai sa jaraba, daga taba sigari har zuwa hodar iblis, yana ƙara yawan dofamin a wannan hanya fiye da kima.

A 1973 aka gano cewa jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu makarɓa masu kama da kwaɗo, waɗanda mofin da danginsa ke buɗewa kamar mabuɗi. Shekara biyu bayan haka, a birnin Abadin na Sikotilan, aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera nasa mabuɗan don rage raɗaɗi. Kodin da ke cikin maganin tari, hanta ce ke juya wani ɓangarensa ya koma mofin. Tiramadol shi ma yana buɗe waɗannan kwaɗuna, sannan yana ƙara yawan wasu sinadaran jijiya, irin su sirotonin, shi ya sa ɗan ƙodago a gonar albasa ko ɗan kabu-kabu da ya haɗiye shi yake jin gajiya ta kau, kuma shi ya sa yawansa ke jawo farfaɗiya. Iyakar abin da likita ke yarje wa babban mutum a yini ɗaya shi ne miligiram 400, a rarrabe. Ƙwayar da hukuma ta amince da ita a Nijeriya mai miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ake fasa-ƙwaurinta takan kai 200, ko 225, ko 250. Wanda ya haɗiyi guda biyu masu 225 da safe ya riga ya ƙetare iyakar yini tun kafin ya isa gona.

Idan aka daɗe ana yi wa ƙwaƙwalwa wannan ambaliya, sai ta kare kanta ta hanyar rage amsawa. Daga nan abu biyu kan biyo baya. Na ɗaya shi ne sabo, wato ƙwaya ɗaya ta daina aiki sai biyu, biyu su daina sai huɗu. Na biyu shi ne ciwon yaye, wato in an rasa ƙwayar jiki ya ɗauki zafi, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, da hamma, da rashin barci, da ƙuncin rai. A wannan matsayi mutum ya daina sha don neman daɗi, yana sha ne don gudun wahala. Daɗin daɗawa, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako ya taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai shekaru sun kai wajen 25. Saboda haka yaron da ya fara sha yana ɗan shekara 15 ya fi babba saurin kamuwa.

Wa'azi da Mari

Wani zai ce ai mutanen wannan yanki Musulmi ne, kuma hukuncin abin da ke gusar da hankali a bayyane yake, don haka wa'azi ya wadatar. Haƙiƙa wa'azi yana da babban matsayi, musamman wajen tsare waɗanda ba su fara ba, da ƙarfafa zuciyar wanda ya tuba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama da mashayi ya san cewa ba jahilcin hukunci ne ke damunsa ba. Ya san haramun ne, ya sha rantsuwa cewa ya daina, ya sha kuka a gaban mahaifiyarsa, amma kwana uku jiki ya tayar masa. Malamai sun sani cewa ita kanta giya mataki-mataki aka bi kafin a haramta ta gaba ɗaya, kuma a cikin haka akwai darasi game da yadda ake raba mutum da abin da jikinsa ya saba da shi. Malami da mashawarci abokan aiki ne, kowa da ɓangaren da yake riƙe.

Amma batun mari dabam ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa ƙafafunsu a ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon duka. A makonnin da suka biyo baya aka buɗe wasu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suka kuma biya kuɗi, don ba su ga wata ƙofa ba. Mari yana hana hannu kaiwa ga ƙwaya muddin ana cikin ɗaki, amma ba ya koya wa mutum abin da zai yi ranar da ya fito ya tarar da tsohuwar majalisarsa da tsoffin abokansa suna nan inda ya bar su. Akwai kuma haɗari biyu da mai mari bai sani ba. Wanda jikinsa ya saba da barasa ko ƙwayoyin sa barci irin su baliyam, in aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗawa farfaɗiya har ya rasa rai. Wanda kuma aka raba da kodin ko tiramadol na wata biyu, sabonsa ya ragu, in ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Wannan ilmi kaɗai ya isa ya nuna bambancin wanda ya koyi aiki da wanda ya shige shi da ka.

Abin da Mashawarci ke Koyo

Darasi na farko shi ne tantancewa. Mashawarci yana koyon tambayar da za ta bayyana abin da mutum ke sha, da yawansa, da tun yaushe, da ko akwai wani ciwo a ƙarƙashi, kamar ciwon damuwa ko firgicin da ya biyo bayan harin 'yan bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara jerin tambayoyi mai suna ASSIST domin wannan aiki, wanda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya amfani da shi cikin 'yan mintoci. Sakamakon ne ke nuna wanda nasihar zama ɗaya za ta ishe shi, da wanda sai an yi watanni ana ganawa, da wanda dole a tura shi Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar.

Darasi na biyu shi ne sauraro, kuma shi ne mafi wuya ga wanda ya tashi a al'adar da babba ke magana yaro na sunkuyar da kai. A 1983 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, William Miller, ya bayyana wata hanya da za a iya kira hirar zaburarwa. Ya lura cewa idan aka matsa wa mashayi da hujjojin dainawa, sai shi kuma ya ɗauki ɓangaren kare kansa, kuma duk hujjar da ya furta da bakinsa ƙara kama shi take yi. Don haka gwani yakan juya al'amarin. Maimakon ya ce, “Ka ga yadda ka lalace,” sai ya tambaya, “Me ƙwayar nan take yi maka, me kuma ta raba ka da shi?” Sai ya yi shiru, ya bar yaron ya lissafa da kansa: babur ɗin da aka ƙwace, jarrabawar da ya faɗi, yarinyar da iyayenta suka hana shi. Maganar da mutum ya ji daga bakinsa ita ce ke motsa shi.

Darasi na uku shi ne tsare mutum daga komawa ruwa. Bincike ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da masu asma da ciwonsu ke tashi bayan magani. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Mashawarci yana koyon zama da mutum su gano abubuwan da ke tayar masa da sha'awa, ko wuri ne, ko aboki, ko kuɗi a aljihu ranar kasuwa, ko zaman banza na rani bayan an gama girbin gero, sannan su tsara abin da zai yi a maimako. Muhimmancin muhalli ya fito fili a binciken da Lee Robins ta yi kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971. Kimanin ɗaya cikin biyar sun kamu da hiroyin da danginta a can, amma da suka koma gida, cikin waɗanda suka kamu ɗin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko. Sauya wuri da abokai da aikin yi yana da ƙarfin da ba a zata ba.

Darasi na huɗu shi ne riƙon amana. A gari ƙarami inda kowa ya san kakan kowa, magana ɗaya da ta fita daga ɗakin shawara zuwa majalisa tana iya kashe aure, kuma ba wanda zai sake taka ƙofar. Haka nan mashawarci yana koyon iyakarsa: ba ya rubuta magani, ba ya yi wa mutum yaye a gida ba da sanin likita ba, kuma yana da wani na gaba da shi da yake kai wa rahoton aikinsa, don aikin yana cin rai, mai yinsa ma yana bukatar wanda zai saurare shi.

Hanyar da Ɗalibi Zai Bi

Tushe yana aji huɗu na sakandare. Ɗalibin da ke son wannan aiki ya riƙe darasin nazarin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fizik, da lissafi, da Ingilishi, ya nemi kiredit a dukkansu, domin su ne mabuɗin makarantun lafiya. Ya kuma riƙe Hausarsa da kyau, don da ita zai yi aikin, kuma in yana jin Fulatanci ya sami ƙarin jari.

Bayan sakandare hanyoyi suna da yawa. Akwai karatun likita, sannan ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mafi tsawo. Akwai aikin jinya, a jami'a ko a kwalejin koyon jinya, sannan ƙarin kwas na jinyar masu taɓin hankali. Akwai digiri a ilmin halayyar ɗan'adam, ko aikin jin daɗin jama'a, ko fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilmi. Akwai kuma kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma a kwaleji irin ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, kuma masu wannan takarda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, su ne mashayi zai fara gani. Duk wadda aka bi, sai a ɗora mata horo na musamman kan shaye-shaye. Wanda ya fi shahara shi ne manhajar UTC, wadda ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta Shirin Kolombo ta yaɗa, ana kuma koyar da ita a Nijeriya. Wanda ya gama ta, ya yi aiki a ƙarƙashin gwani na tsawon lokacin da aka ƙayyade, yana iya zama jarrabawa ya sami shaidar ƙwarewa da ake karɓa a ƙasashe da dama.

Doka ma ta fara share fage. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar ba da shawara a Nijeriya. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka, ta kuma fayyace haƙƙin majinyaci. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sassan ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe cibiyar amsa kiran waya kyauta don masu neman taimako.

Gaskiya dai ɗaya ce, wannan sana'a ba ta sa mutum ya yi kuɗi, kuma guraben da aka rubuta musu sunan mashawarcin masu shaye-shaye ba su da yawa tukuna. Saboda haka dabara ita ce ɗalibi ya fara mallakar sana'ar da ke da albashi, kamar jinya ko koyarwa ko lafiyar al'umma, sannan ya ɗora wannan ƙwarewa a kanta. Ta haka zai sami wurin aiki a asibiti, ko makaranta, ko gidan gyaran hali, ko ƙungiya mai zaman kanta. Wanda ya taɓa shaye-shaye ya daina shi ma yana da gurbi babba, domin mashayi ya fi saurin yarda da wanda ya san ciwon yaye a jikinsa, amma shi ma sai ya yi karatun.

Kira na musamman ya tafi ga 'yan mata. Binciken 2018 ya nuna cewa ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, alhali ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu ke zuwa neman magani, saboda kunya da tsoron gori. Ko da gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, hanin bai warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Matar da ke shan kwalba a ɗakinta a ɓoye ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba, kuma namiji ba ya shiga gidan da aka rubuta “ba shiga”. Wannan ɓangare na aikin mace kaɗai za ta iya shi.

Kammalawa

A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro da ke kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya domin ya nuna cewa mutum ya fi saurin farfaɗowa a cikin jama'a. Darasin yana nan har yau. Kware za ta iya cire ƙwaya daga jini cikin 'yan makonni, amma sauran aikin, wanda ke ɗaukar shekaru, a Dingyaɗi za a yi shi, a zaure da masallaci da kasuwa da gona.

Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su koyar da darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da misalan ƙwayoyin da yara ke gani a kasuwa. Ya kamata shugabannin makarantu su daina mayar da malamin jagoranci cikon aji, su ba shi ɗaki mai ƙofa da lokacin ganawa da ɗalibai, su kuma yi tunani sau biyu kafin korar yaron da aka kama da ƙwaya, don kora tana miƙa shi ne kai tsaye ga dillali. Ya kamata ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su ɗauki nauyin horar da aƙalla ma'aikaci namiji ɗaya da mace ɗaya a kowace gunduma. Garin da ya fitar da Malam Sani Dingyaɗi, Makaman Sakkwato, ɗaya daga cikin malaman boko na farko a wannan lardi, ya san darajar tura ɗa ya koyo ilmi ya dawo gida. Ɗalibin da ke aji huɗu a bana, in ya dage, cikin shekara bakwai ko takwas zai iya zama mutumin da uwa za ta aika a kira kafin a je neman maƙeri. Allah Ya shirya zuri'a, Ya ba masu niyya ikon cikawa.